Akushin Danchuwa

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan ban ɗaga wayar Gimba ba. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, a bayana ya yi wayo. Na san malamai sun ce kwana uku ne iyakar gaba, na sani, ina ta istigfari, amma zuciyar ta ƙi sauka. Mutanen unguwa na ta ce mini, "Ummi, ki yi haƙuri, Sallah guda ba a fushi." Na ji. Sai dai duk mai ba ni haƙurin nan shinkafar Gimba ce a cikinsa, shi ya sa yake fito masa da sauƙi. Abin da ya haɗa mu bai wuce robar abinci guda ɗaya ba, irin ta tekawe ɗin nan da ake ci a yar. A kanta ne Iya Dije, tsohuwar da ta shekara arba'in da ɗoriya tana zuwa gidanmu daga ƙauyen Danchuwa duk Babbar Sallah, ta juya daga bakin ƙofa ba ta shiga ba. Tsorona shi ne ta juya ke nan.

Sai na koma baya kafin a gane abin da ke cina.

A gidanmu na unguwar Bolewa, washegarin Babbar Sallah ranar suya ce. Tun hantsi maza ke daddatsa nama, mata na wanke kayan ciki, amma kaskon suya ba ya hawa murhu sai Kaka ta idar da sallar magariba. Ita ce uwar babanmu. Sunanta aka sa mini, shi ya sa kowa ke ce mini Ummi, ita kuwa ta ce Takwara. Takan jawo kujerarta 'yar tsuguno, ta ɗaure ɗankwali ta baya, ta riƙe dogon cokalin suya, mu jikoki mu zagaye wutar, mu takwas ko tara, kowa da sabon kayan Sallah da ya riga ya sha maiƙo. Kitse na narkewa yana ƙara, hayaƙi na shiga ido, ba mai matsawa. Duk wanda hannunsa ya yi kusa da kasko, bayan cokali ne zai gaishe shi.

Hausar Kaka ta kasuwa ce. Ngizim ce ita, sai da ta yi aure ta koyi Hausa, kuma har ta koma ga Allah ba ta yarda akwai bambanci tsakanin "ya zo" da "ta zo" ba. In muka yi mata dariya sai ta ce, "Ku da kuka iya, me ya ƙara muku? Kun fi ni ƙiba ne?"

Kwasar farko ba ta shiga bakin kowa a gidan, ko da babanmu ne. Akushi take shiga, wani baƙin akushi mai tsaga a gefe da aka ɗinke da waya. Kaka ta zaɓi tsoka mai kyau, da hanta, da ƙirji, ta cika shi ya yi tozo, ta rufe da faifai, ta ɗaure da tsumma mai tsabta. Da safe babanmu ya ɗora a bayan babur ya kai Danchuwa. Bayan kwana biyu ko uku sai ga Iya Dije ta sauko daga motar kasuwa da akushin a ka. Bai taɓa dawowa wayam ba. In Sallah ta faɗo a tsakiyar damina, ƙwan zabi ne a ciki. In kaka ce, ɗanyar gyaɗa. In rani ne, garin kuka da busasshiyar kuɓewa. Ta wuni a gidan, su baje a tabarma ita da Kaka, wannan Karekare waccan Ngizim, Hausa ce ke haɗa su, kowacce tana karya ta ta inda ta ga dama.

Iya Dije ba danginmu ba ce ta jini. Manomiya ce mai kawo gyaɗa kasuwa, ta saba biyowa ta gidanmu ta sha ruwa. Shekarar da aka haifi Gimba, Innarmu ta kwanta ciwo, nono ya ƙafe, jaririn ya yi ta kuka har murya ta dushe. Dije na da goyo a lokacin. Ba wanda ya roƙe ta. Ta shigo shan ruwa, ta ji kukan, ta kwance tata 'yar ta ajiye a tabarma, ta ɗauki namu ta sa a ƙirji. Wata biyar ta yi a gidanmu, a tsakiyar damina, ciyawa ta cinye mata gona. Daga shekarar ne akushin ya fara tafiya Danchuwa. Kowa a gidan ya san wannan, Gimba ma ya sani, don Kaka ba ta gajiya da faɗa masa.

Shekarar da nake son ba da labarinta ina da sha ɗaya, Gimba na da shida. Ya zuba wa akushin ido ana cika shi, yana haɗiyar yawu, can sai ya ce, "Kaka, ki zuba mata a leda mana. Kullum sai ta hau mota ta dawo da akushi, tana shan wahala."

Kaka ta dakata da juya nama, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ji mijin banza. Ko cefane bai iya ba, zai koya mini rabon nama. Matso nan kusa da ni. Ga ta nan, ta leƙo daga rami, ku kama wutsiyarta."

"Mun kama, ta fito mu ji," muka amsa, don haka take buɗe mana tatsuniya.

Wai a wani gari an yi wani attajiri, ana ce masa Mai Rumbu. Tun farko Kaka ta ɗaga cokali ta ja mana kunne: "Ba marowaci ba ne fa. Kar wani ya ce na ce marowaci." Duk Sallah sai ya ciyar da garin kaf. Ƙwarya ɗari ke fita daga gidansa. Abin da ya dame shi guda ne, kowace ƙwarya sai ta dawo, kuma da mutum a ƙarƙashinta. Wannan ya kawo 'yar kuka, wancan 'yar daddawa, su zauna masa a zaure, ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya dabbobi, ya ƙafar nan taka mai ciwo, har rana ta faɗi. Shi kuwa kuka rumbu guda gare shi. Ran nan ya ce ya gaji. Ya sa aka tsinko masa ganyen kalgo, aka riƙa ƙunshe abinci a ciki. Mutane suka ci, suka yar da ganye, awaki suka cinye. Abincin ma ya fi na da yawa, kowa na sa masa albarka daga ɗakinsa. Damina ɗaya, damina biyu, ciyawa ta rufe hanyar ƙofarsa. Ya miƙe ƙafa a zaure shi kaɗai, ya ce yanzu ya san ya yi arziki.

Wata rana ya kafa tsani ya hau babban rumbunsa, ya dira ciki zai duba gero. Ashe geron ya yi ƙasa. Bakin rumbu ya yi masa nisa, tsani kuma yana waje. Ya yi tsalle, ya yi kira, ba mai ji.

"Ina matansa?" in ji Gimba.

"Tatsuniyanka ne ko nawa? Sun tafi biki. Rufe baki."

Akwai wata tsohuwa a bayan gari da ƙwaryar Mai Rumbu guda ta maƙale a wurinta tun kafin zamanin ganye. Ba ta da abin da za ta saka a ciki, kunya kuma ta hana ta mayar da ita wayam. Kullum ta kalli ƙwaryar sai ta ji nauyi a ranta. Ranar da kazarta ta fara ƙwai, ta ɗauki ƙwan nan guda ta saka, ta rufe, ta kama hanya tana ratsa ciyawa. A nan Kaka ke ƙanƙance murya, tana buga cokali a gefen kasko:

"Ƙwaryar mutane, tashi mu je,
Kin daɗe a ɗakin da ba naki ba.
Ƙwai ɗaya ne, kar a raina,
Me ya kawo shi?"

Mu kuma mu amsa, "Ƙafa ce, ƙafa ce."

Ƙarshen tatsuniyar biyu ne, ya danganta da yadda muka wuni da Kaka. In mun yi mata ladabi, tsohuwa ta ji nishi a rumbu, ta kira samari, a fito da Mai Rumbu da sauran numfashi, ta fasa masa ƙwan a baki, ya farfaɗo, ya sa a fafe masa sababbin ƙore. In kuwa mun ɓata mata rai, sai kazar ta yi jinkirin kwana ɗaya. A wannan karon na biyun ta ba mu.

"Tsohuwa ya zo, ya yi sallama, shiru. Ya sake sallama, shiru. Ƙishirwa ya kashe mutum a kan gero."

Gimba ya fashe da kuka. Ya riƙe mata zane, shi sai ta sake, sai kazar ta yi ƙwai da wuri. Kaka ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta tsamo tsoka, ta hura, ta tura masa a baki.

"To, na ji, kaza ya yi ƙwai tun jiya. Ƙurunƙus, kan mai kwaɗayi. Gobe kai za ka bi babanka ka riƙe akushi."

Ya kuwa bi shi. Na tuna dawowarsa da yamma, aljihu cike da aya, yana cika mana baki wai Iya ta yanka masa zakara shi kaɗai.

Kowace Sallah sai mun roƙi tatsuniyar nan, har muka girma muka fara jin kunyar amsa waƙar. Da Kaka ta rasu, Innarmu ta ci gaba da cika akushin. Da ita ma ta bi ta, sai ya dawo hannuna. Duk shekara nakan bar gidan mijina in je Bolewa in yi suya a murhun Kaka, in aika, Iya ta kawo, mu wuni. Gimba kuwa ya yi karatu, ya shiga kwangila, Allah ya buɗa masa, ya koma Abuja. Ban taɓa yi masa baƙin ciki ba, Allah shaida ne. Bara ya rushe tsohon gidan ya ɗora bene, ya sa ƙofar ƙarfe da maigadi, aka shafe wurin murhun da siminti. Wannan ma na haɗiye.

Bana, ana saura mako guda Sallah, ya kira ni. "Yaya, ki huta wannan karon. Na ɗauki komai, har da rabo."

A nan nawa laifin yake, ba zan ɓoye ba. Ni tela ce. Duk haukan da ake yi na Sallah, ta kan kekena yake bi. Uwa ta zo da yara uku, kowanne kala huɗu, na safe daban, na yamma daban, don kawai a yi hoto a sa a waya. Matan gida guda su yi anko, kuma ba sa gaisawa. Ina tsaki ina yanka, ina tsinuwa a ciki ina karɓar aiki. Har ranar jajibere ƙafata na kan keke. Da ya ce in huta, wallahi daɗi na ji. Na ce to, Allah ya yi albarka. Ban ko tambayi akushi ba, alhali a can gidan yake ajiye.

Bijimai biyu ya sayo daga kara, kasuwar shanu, ban da raguna. Aka ɗaure su a ƙofar gida kwana uku, ba don sun rasa wuri a ciki ba, sai don masu wucewa su tsaya. Ya ɗauko masu girki na haya, aka soya, aka dafa shinkafa, aka zuzzuba a robobi, kowace da sitika a murfi, hotonsa cikin babbar riga yana murmushi, an rubuta Barka da Sallah a ƙasa. Direba ya loda a mota ya bi gari yana saukewa. Da na tambaye shi Iya fa, sai ya ce, "Haba Yaya, ai tana cikin lis." Matar da ta ba ka nono, a lis, tsakanin mai wankin mota da ɗan kamashon da ya sayo maka sa. Na ji abin ya soke ni, amma na bar zancen, don bayana na ciwo, kuma naman ya yi daɗi.

Rana ta huɗu ya kafa rumfuna a ƙofar gida, manyan baƙi suka zo da manyan motoci. Ni ina gida a kwance. Bayan la'asar sai ga wayar Maman Ngozi, mai shagon da ke kallon ƙofar gidanmu na Bolewa. Tun ina budurwa take wurin, shinkafarta ta Kirsimeti muka ci muka girma, farantanta sun san hanyar gidanmu, namu sun san ta nata. Ta ce, "Ummi, ki zo. Ba zan faɗa a waya ba."

Na je. Ga abin da ta gani da idonta. Iya Dije ta sauko daga napep da robar nan a ka. Ta wanke ta tas, ta lallaɓa ko sitikar ba ta ɓare ba, ta ɗaure da tsumma yadda ake ɗaure akushi. Ita a saninta, mazubi aka kawo mata, mazubi kuwa mayarwa ake yi. Maigadin sabo ne, ya nuna mata layin matan da ke jiran barka da Sallah a jikin katanga. Ta ce ita 'yar gida ce. Ya ce duk haka suke cewa. Ta bi layi, tsohuwa mai shekara tamanin, a rana. Can Gimba ya fito rakiyar baƙi, ya biyo layin yana miƙa kuɗi. Da ya zo kanta, ta sauke robar, ta miƙa masa da hannu biyu, ta kira sunansa. Ya ce, "Abinci ya ƙare, Iya, a yi haƙuri." Ya ɗora mata kuɗi a kan murfin ya wuce.

Maman Ngozi ce ta fito ta ja ta zuwa shago, ta ba ta kujera da ruwa. Ta ce Iya ba ta yi kuka ba, ta dai sha ruwan, ta miƙa wa matar da ta tsaya a bayanta a layi kuɗin, ta mayar da robar ka, ta nemi napep.

Na ce, "Me ke cikin robar?"

"Gyaɗa. Ɓararriya, manya-manya, kamar an zaɓa."

Ruwa ya sauka ke nan, ana tsakar shuka. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san gyaɗar da ta rage a ɗakin manomi a irin wannan lokaci ba ta ci ba ce. Iri ce.

Ban san lokacin da na tsallaka titi ba. Maigadin ya buɗe baki, na dalla masa harara ya rufe. Ina shiga falo, abin da na fara gani akushin Kaka ne a bango. An shafa masa man katako yana ƙyalli, an huda tsakiyarsa da ƙusa, an maƙala shi tsakanin faifai biyu. Wai mai adon gida ne ya ce kayan gargajiya ake yayi. Na sa aka kira mini Gimba daga cikin baƙinsa, muka tsaya a lungun bene.

"Gimba, wa ka bai wa sadaka a ƙofa ɗazu?"

"Mutane da yawa, Yaya."

"Iya Dije ta zo."

Ya sosa ƙeya. Ni kuwa a zuciyata ina roƙon Allah ya ce bai gane ta ba. Da ya faɗi haka, da na zage shi, da na yafe, da mun kama hanyar Danchuwa tare kafin magariba.

"Na gan ta," ya ce.

"Ka gane ta?"

"Na gane ta mana. To Yaya, ya zan yi? Ina tare da manyan mutane, ta miƙo mini robar tekawe ɗaure da tsumma. In karɓa in riƙe a gabansu? Wa ke dawo da tekawe? Na riga na gaya wa direba ya kai mata buhun shinkafa kafin in tafi."

"Nonon da ka sha wata biyar, direba ta aiko ya ba ka?"

Ya ɓata fuska. "Yaya, ki daina mini haka. Ki tambaya, ba wanda ya ciyar da mutane a unguwar nan bana kamar ni."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi ƙona mini rai. Da rowa ya yi, da na san sunan ciwon. Na ce masa Allah wadaran naka ya lalace, na ce masa abubuwan da ba zan rubuta a nan ba. Na koma falo na fizge akushin daga bango a gaban baƙinsa, na ɗaga shi, ina hango fitilar silin ta cikin hujin. Na sa shi cikin mayafi na fita.

Washegari na soya abin da ya rage na ragon gidana, na cika kwanon samira mai murfi, na ɗaure, na hau motar Danchuwa. Na tarar da Iya a gonar bayan gida, a duƙe, tana rufe rami da diddige. Ta ɗago ta gan ni da kwano a ka, ta yi dariya har dasashi. Muka koma inuwa. Ta tambayi maigidana, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ta tambayi bayana, ta ci nama tsoka biyu tana mamula, ta raba wa jikoki sauran. Ba ta ɗauko zancen ba, ni ma na kasa. Na lura kunyoyi biyu na ƙarshen gonar ba a taɓa su ba. Na tambaya, ta ce iri ne bai kai ba.

Sai da na yafa mayafi zan tafi ta riƙo hannuna.

"Ummi, zan tambaye ki, ki ji tsoron Allah ki gaya mini. Yaron nan, bai gane ni ba ko?"

Na dubi hannun da ke riƙe da ni, duk jijiya, ƙasa a ƙarƙashin farce.

"Bai gane ki ba, Iya. Hankalinsa na kan baƙi, rana kuma ta haske masa ido."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta shafa fuska. "Alhamdu lillahi. Haka nake ta gaya wa zuciyata tun jiya, ta ƙi ji. Na tsufa, na ƙanƙance, ina zai gane ni? Na ce wanda ya sha nonona ba zai gan ni ya wuce ba."

Ta shiga ɗaki ta fito da robar, da tsummanta yadda take.

"Ki kai masa. Yana son ta soyayyiya da gishiri tun yana ƙarami. Amma kar ki ce masa ni ce a layin nan. In ya ji zai ji kunya, ni kuwa ba na son ɗana ya ji kunya a kaina."

Na ce, "Iya, ki shuka ta. Ga kunya biyu can ba komai."

"Abin da ya fita da sunan mutum ba ya komawa ɗaki."

"To yaushe za ki zo gida?"

Ta gyara ɗaurin tsumman da ba abin da ya same shi. "Kwanonki gidanki zan kawo, in ruwa ya tsagaita. Wancan gidan ya yi mini girma, Ummi."

A mota na yi kukan da ban yi a gabanta ba, kuma ba na tausayi ba ne, na takaici ne. Shekarata arba'in da shida, ban taɓa yi wa tsohuwar nan ƙarya ba, sai da ƙanena ya sa na yi mata, bayan ta haɗa ni da Allah, a cikin makon Sallah.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Kaka gargaɗi ce, ka kyautata wa mutane don ranar da za ka faɗa rumbu. Yanzu na ga ba Mai Rumbu ne abin dubawa ba. Gimba ba zai faɗa rumbu ba, ko ya faɗa waya uku gare shi. Tsohuwar ce abin dubawa, da ƙwanta guda. Muddin ƙwarya na dawowa, mai ɗari da mai ɗaya duk masu bayarwa ne, a tabarma ɗaya suke zama. Ranar da ka ba mutum abin da ba zai iya mayarwa ba, ka tashe shi daga tabarma ka sa shi a layi, ko da sa guda ka yanka masa. Mun iya saye, mun iya rabo, mun iya hoto, karɓa ce ta gagare mu. Kaka ta ba mu ƙarshe biyu, na rai da na mutuwa. Ba ta ba mu wanda tsohuwa za ta ratso ciyawa ta tarar da Mai Rumbu lafiya lau a ƙofa, ya dube ta ya ce abinci ya ƙare ba. Ina jin ko a mafarki ba ta zaci a cikin jikokinta za a ƙaro shi ba.

Robar tana nan a kan teburin kekena. In na kai masa ban faɗi daga inda ta fito ba, zai miƙa wa maigadi. In na faɗa, na ci amanar Iya. Shi kuwa abin da take ɓoye masa don kar ya ji kunya, ya riga ya sani, bai kuma ji ba. Jiya an yi ruwa mai ƙarfi, na san mutanen Danchuwa sun gama shuka. Kunyoyin nan biyu haka za su kai kaka.